Sunan Badamasi Ya Shiga Kasuwa

Idan ka zo Durba, ko Kibiya, ko ka ƙarasa Rano, ka ji wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Don Allah kada ka yi mini Badamasi," abin da yake nufi shi ne kada a gama magana, kowa ya shirya, sannan a zo gaɓar ƙarshe ka janye. Matasa da yawa da ke faɗar haka sun ɗauka kalma ce da aka gada tun kaka da kakanni. Ba su san Badamasi mutum ne ba, yana nan da ransa a Durba, gida na uku daga masallacin unguwarmu, kuma har yau haƙoransa sun fi nawa yawa. Ni ne na jefa sunansa a bakin duniya. Sunana Shitu, shekarata arba'in ina dillancin dabbobi a kasuwar Rano, kuma ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce. Saboda haka tsokanarsa gado ce a wurina, ba alƙalin da zai saurari ƙarata a kan wannan.

Tare muka tashi, wata bakwai ne tsakaninmu. Shi ne babba, kuma bai taɓa bari na manta ba. Tun muna yara halinsa ya fito. In aka tura mu kiwon awaki, mu muna kan bishiya muna kaɗo kanya, shi yana ƙasa yana cire wa akuya kaska yana yi mata hira. Bai yi nisa a boko ba, birni kuma bai taɓa ba shi sha'awa ba. Ya gaji gonar ubansa, ya auro Uwa daga Saji, Allah ya ba su 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya, Jabiru. Da damina dawa da gyaɗa da wake, da rani kiwon raguna. Ba don ɗan'uwana ne nake faɗa ba, duk ƙasar Kibiya ban ga hannun kiwo irin nasa ba. Ka ba shi ɗan rago haƙarƙari a waje, bayan wata biyar sai ka rantse canza shi aka yi. Harawa a kan lokaci, dusa da ɗan ruwan kanwa, ga wanka da sabulu ranar Juma'a tun kafin shi kansa ya yi nasa. Kuma kowane rago da sunansa. Na sha gaya masa ba a raɗa wa abin sayarwa suna, bai ji ba.

Abin ya faru ne saura kwana tara Babbar Sallah, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ya kawo mini wani farin rago mai baƙin kunne ɗaya, wanda yake kira Ɗanlami don ranar Alhamis aka haife shi. Rago ne na nuna wa sa'a. Kafin mu gama ɗaure shi a turke mutane sun kewaye mu. Wani Alhaji ya zo daga Kano da motarsa, ya dafa bayan ragon, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taya. Na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Muka yi ta ja har rana ta take, na kai shi inda ni kaina na fara jin kunya. Sai na juya wurin mai kaya, don a ƙa'idarmu dillali yana iya cewa albarka sau ɗari, amma "na sallama" daga bakin mai dabba take fitowa.

Na ce, "Badamasi, sallama."

Ɗanlami ya matso yana goga ƙaho a cinyarsa.

"Malam, mun gama fa," in ji Alhajin, hannunsa har ya shiga aljihu.

Badamasi ya dubi ragon, ya dubi motar, ya ce, "Alhaji, a but ɗin mota za ka sa shi?"

"To a ina zan sa shi? A kujerar gaba?"

"Ba ya son zafi."

Daga nan ya sunkuya ya kwance igiya, ya ce a yi masa haƙuri, ya ja abinsa ya nufi tashar motocin Kibiya. Alhajin ya bi shi da kallo baki buɗe, sannan ya juyo kaina ya ce wane irin ciniki ne wannan. Ni kuwa rana ta dafa ni, maƙogwarona ya bushe, la'adata ta bi iska. Na ce, "Wannan ba ciniki ba ne, Alhaji, Badamasi ne." Dillalai suka kwashe da dariya. Kafin kasuwa ta tashi na jiyo wani can wajen awaki yana ce wa mai akuya, "Kai ma Badamasin za ka yi mana?" Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ba shi ne na farko ba. Mu mutanen nan ba ma barin suna ya zauna lafiya. Akwai "gyaran Ƙasimu", daga wani bakanike da in ya kwance maka injin ban-ruwa ya mayar, sai ya miƙo maka noti uku ya ce tun asali sun yi yawa. Akwai "bankwanan Fanta", wata baiwar Allah da in ta je barka sai ta yi sai-an-jima sau huɗu, tana kaiwa zaure ta tuna wata magana ta koma ta zauna. Akwai kuma "Haliru ya gani", da ake faɗa in labari ya yi kama da ƙarya, don Haliru mai shayi bai taɓa barin teburinsa ba, amma duk abin da ya faru daga nan zuwa Makka a gabansa aka yi. Sai dai irin waɗannan ba sa nisa. Ta Fanta ba ta fita unguwarsu ba, ta Haliru kuwa ta bi shi kabari, Allah ya ji ƙansa. Ta Badamasi ce ta yi ƙafa, don kowa yana da wanda ya taɓa janye masa a gaɓar ƙarshe, da can dai ba a san yadda za a kira abin ba ne.

Budurwa ta ce wa saurayi ya turo, magabata sun sha manyan riguna sun kama hanya, ta aiko ta fasa: ta yi Badamasi. Ɗan takara ya liƙa fasta ya raba atamfa, ana jibi zaɓe ya janye: Badamasi. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, mata sun kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi, sai ka ji dattijo a gindin bishiya yana cewa yau sama Badamasi ta yi mana. 'Yan acaɓa suka ɗauke ta suka kai ƙauyuka, direbobi suka wuce da ita inda ban taɓa zuwa ba. Da wayoyi suka zo, jikata Fatima Zahra'u ta nuna mini an rubuta ta a ƙarƙashin hoton wani ɗan ƙwallo da ya kai bakin raga ya juyo da baya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mutum ya ga abin da ya fito daga bakinsa yana yawo a duniya, dole kansa ya ɗan kumbura.

Wata rana muna tare a Rano muka tsayar da mai adaidaita sahu. Mun daidaita da shi, na shiga, shi kuwa Badamasi ya tsaya gaisawa da wani tsohon abokinsa, gaisuwar da ta haɗa da iyali da gona da shanu. Direban ya gaji ya leƙo ya ce, "Baba, in za ka shiga ka shiga, kar ka yi mini Badamasi."

Badamasi ya juyo a hankali ya ce, "Ka san shi ne?"

"Wa?"

"Badamasin."

"A'a, mutum ne?"

"Haka na ji ana faɗa."

"To in mutum ne, Allah ya shirye shi."

"Amin," in ji Badamasi, ya tattara rigarsa ya shigo.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Shi ma ya yi murmushi, haka yake kullum. Shekara talatin bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar nan ba, shi ya sa na ɗauka ba ta taɓa shi.

Kada a ce ba ya sayar da ragunansa, ai da yunwa ta kashe su. Uwa ce ta samo dabara. In rago ya isa kasuwa sai ta ce, "Malam, yau ba za ka leƙa gonar fadama ba?" Shi kuma ya gane. Ya shiga garke ya daɗe, ya fito ya ɗauki fartanya ya tafi bai waiwayo ba. Yana ɓacewa ta aiko a kira ni. In ya dawo ya tarar da turke babu kowa, ba ya tambaya, sai dai ranar tuwonsa yakan yi saura. A duk faɗin Durba Uwa ce kaɗai ba ta taɓa faɗar maganar nan ba, don matan zamaninsu ba sa kama sunan miji. In abu ya kai ta maƙura, kamar ranar da mai markaɗe ya karɓi wakenta sannan ya ce injin ya gaji, iyakarta ta ce, "Ya yi mini irin ta Malam."

Ban farga da ɓarnar da na yi ba sai wata rana a wurin wani suna, da limaminmu ya ce cikin raha, "Ni fa rabona da in raɗa Badamasi tun ina na'ibi." Aka yi dariya. Ni na koma gida ina lissafi. A unguwarmu akwai Shitu biyar, har da wani mai majina da aka ce takwarana ne. Badamasi kuwa guda ɗaya ne, mai furfura. 'Ya'yansa mata duk sun haifi maza, surukansa mutanen kirki ne, suna girmama shi, amma ba wanda ya yarda ya ɗora wa ɗansa sunan da ake zagin hadari da shi. Duk sunan da aka yi yana sahun gaba, aminsa ta fi ta kowa ƙarfi, ya karɓi goronsa ya dawo gida. Ranar ce na fara jin nauyin abin a ƙirjina.

Jabiru tela ne, shagonsa yana Rano, amma a gidan ubansa yake zaune da matarsa Jannatu. Haihuwarta uku duk mata. Bana da ta sake samun ciki, Badamasi ya sayo ɗan rago ya ɗaure, ya ce na suna ne. Uwa ta kafa masa sharaɗi kada ya kuskura ya raɗa wa wannan suna. Ya ce to. Bayan sati biyu na ji shi ta katanga yana cewa, "Ɗanjuma, matso ka ci."

Da kaka, muna gonarsa ina taya shi duba gyaɗar da aka tuge, ya zauna a kan kunya ya ce, "Shitu, ina son takwara."

Na ce, "Wa zai cuci ɗansa?" Wasa na yi, irin wanda na saba.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sunan kakanmu ne. Ubana ya sa mini don kada ya ɓata. Ni kuma ga shi a hannuna zai ƙare. In Jabiru ya samu namiji, ina so. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kai ma don ba ka da kunya ne."

Ni dillalin da ke iya sayar da akuya mai tari, sai na tsaya ina ɓare gyaɗa kamar an aiko ni.

Ranar wata Talata Jannatu ta sauka, namiji. Jabiru ya yi wa yaro huɗuba a kunne, kuma kamar yadda aka saba bai gaya wa kowa sunan ba, sai ranar bakwai. Badamasi ya kasa zama. Ya share ƙofar gida sau biyu, ya wanke Ɗanjuma ba ranar Juma'a ba. Uwa ta ce mini ko abinci a tsaye yake ci.

Ranar kwana huɗu da hantsi sai ga shi a zaurena, fuska ba walwala. Ya ce jiya ya ji jikarsa Afra'u, 'yar shekara shida, suna wasan 'yar carafke da ƙawarta, ƙawar ta ce ta fasa, Afra'u ta ce mata, "Ke kin cika Badamasi." A tsakar gidansa, yana zaune.

Ya ce, "Ba ta san ni ne ba, ita da Kaka ta san ni. To ka duba yaron nan in ya shiga makaranta, malami ya kira suna, aji ya fashe da dariya. In ya je neman aure a ce wa zai ba Badamasi mata. Ni na saba, fatata ta yi kauri. Ka je ka gaya wa Jabiru, in ma ya yi niyya ya canza. Na yafe."

Na ce, "Kai da ka ce kana so?"

"Ina so mana. Har yanzu ina so. Ka je dai."

Maganar ta zo mini har leɓe, cewa ga shi ya yi wa kansa abin da ya saba yi wa mutane. Karo na farko a rayuwata na haɗiye ta. Na hau acaɓa na tafi Rano.

Na tarar da Jabiru a kan keke yana ɗinka rigunan fitar suna. Ya tashi ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni kujera. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Sannan na ce, "Wannan na ubanka ne. Nawa kuma shi ne, duk abin nan bakina ne ya jawo. In da ana saye a mayar, da na saye."

Ya ce, "Na ji, Baba Shitu."

"To me zan ce masa?"

"Ka ce masa na ji."

Ya koma kan kekensa. Yaron nan ya ɗauko shirun ubansa, ba ka gane gabansa bare bayansa. Na dawo na gaya wa Badamasi saƙo ya isa. Ya ce madalla, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka cire wa haƙori, sauƙi ya samu amma gurbin yana nan.

Ranar suna bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Jama'a ta taru fiye da yadda aka zata, kuma na san dalili. Rabinsu ba addu'a ce ta kawo su ba, sun zo ganin ko Badamasi zai saki igiya. Yau babu gonar fadama, a gabansa za a yanka. Na ji wasu samari a baya suna cewa wallahi ba zai iya ba.

Ya fito da Ɗanjuma fari tas, har ƙaho ya sha mai. Liman ya miƙe da wuƙa a hannu. Badamasi ya tsaya a gabansa, igiya naɗe a hannu. Ragon ya ɗago kai ya dube shi. Ni kaina na daina tauna goro. Ya shafa wuyan ragon sau ɗaya, ya warware igiyar daga hannunsa, ya miƙa wa liman, ya kau da fuska ya ce, "Ga shi, Malam. Na jikana ne."

Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah."

Sai Jabiru ya taso ya karɓi igiyar daga hannun liman, ya durƙusa ya mayar wa ubansa. Ya ce, "Baba, mayar da shi garke. Ragon yankan yana nan." Ya yi wa wani maƙwabci alama, aka jawo wani jan rago daga gidan da ke kusa. Ashe tun sati biyu ya sayo shi wurin Fulanin Saji ya ɓoye, ba ta hannuna ba ma, ɗan nema. Jama'a suka fashe da dariya, har liman sai da ya dafa bango. Badamasi ya tsaya da igiya a hannu yana cewa, "Ai na bayar, kowa ya gani na bayar." Liman ya ce, "Mun shaida, Malam, je ka ɗaure abinka."

Aka yanka jan rago, aka raba goro da dabino. Badamasi ya dawo ya zauna kusa da ni. Jabiru ya matsa ya raɗa wa liman a kunne. Na ga liman ya ɗago ya dube shi, Jabiru ya gyaɗa kai. Aka yi salati, aka shafa fatiha, sannan liman ya gyara murya ya ce, "Sunan yaro Badamasi. Allah ya raya shi."

Wani saurayi ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Sai wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Allah ya raya Badamasi," jama'a suka amsa da amin, da farko a rarrabe, sannan gaba ɗaya. Na saci kallon na kusa da ni. Kansa yana ƙasa.

Ya ce mini a hankali, "Ba ka kai saƙona ba?"

"Na kai."

"To?"

"To ɗanka ne, ba nawa ba."

Da aka watse ana fiɗar rago, na ja Jabiru gefe na ce ya gaya mini dalili, tunda uban da kansa ya yafe.

Ya ce, "Baba Shitu, ka tuna lokacin da Gwaggo Mas'uda ta zo daga Jos ta ce a ba ta ni?"

Na tuna. Mas'uda yayar Badamasi ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta roƙi riƙon Jabiru yana ɗan shekara bakwai. Ba a hana babbar yaya ɗa, dangi duk suka ce a ba ta. Badamasi ya amsa, aka haɗa wa yaro kaya, aka raka su tashar Rano aka sa su a mota. Motar ta tashi, sai ya ari keken wani ya bi ta, ya tsayar da ita a bayan gari ya sauko da ɗansa. Mas'uda ta yi shekara huɗu ba ta yi masa magana. Ni kuwa ranar na samu abin ba da labari, na yi sati ina cewa yau Badamasi ya yi Badamasi da ɗan mutum.

Jabiru ya ce, "Ku a tasha kuka tsaya, ni ina cikin motar. An ce mini namiji ba ya kuka, ban yi ba. Na juya ina kallon baya ta gilashi, gari yana ƙanƙancewa. Sai na hango shi a kan keke, yana takawa a tsaye, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Da direba ya tsaya, ya kasa magana don haki, hannu kawai ya miƙo mini ta taga. Tun daga ranar, duk wanda na ji ya yi ba'a da sunan Baba, ni keken nan nake gani. In yaron ya girma aka yi masa dariya, zan gaya masa wannan, ya ishe shi."

Na san labarin nan shekara kusan talatin, amma ban taɓa jin sa daga cikin motar ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta taɓa kama ni a kasuwa ba. Na ce masa hayaƙin babbakar kan rago ne ya shiga mini ido, ya ce e, hayaƙin yana da yawa.

Da hantsi aka fito da jariri zaure don wanzami ya yi masa aski. Da aka gama, aka naɗe shi a zane aka miƙa wa kakansa. Daga cikin gida muna jiyo mata har sun yanke shawara, Amiru za a riƙa kiransa, don ba Uwa ba, ba Jannatu ba, ba shi kansa Jabiru ba, babu mai iya buɗe baki ya kama sunan maigida. Badamasi ya daɗe yana kallon ɗan kan nan da aka aske. Sannan ya miƙo mini shi.

Ya ce, "Ka ji su, sun riga sun ɓoye sunan. Duk gidan nan ba mai kiransa da shi. Kai kaɗai ne marar kunyar da zai iya. Kira shi in ji."

Na karɓi yaron, ba nauyi kamar damin auduga. Sunan da na faɗa sau dubu a kasuwa da tasha da majalisa, yau ne zan fara faɗarsa ba da wasa ba. Na gyara murya, na sunkuya kusa da kunnensa, na ce, "Badamasi."

Yaron ko motsi bai yi ba, barcinsa yake.

"Na'am," in ji tsohon, yana share ido da bakin rigarsa.